INJI BA YA HAIHUWA: MAGANA A KAN MASU BAJE KOLIN NA'URORI

 

Mu da ke zaune a unguwar Amrigebe, nan Injamena, ba sai an gaya mana ba in za a yi bikin baje koli. Babban zauren taron nan da ake kira Fadar 15 ga Janairu, wanda ya samo sunansa daga taron ƙasa da aka buɗe ranar 15 ga Janairu, 1993, ba shi da nisa da mu. Da zarar mun ga ana kafa rumfuna, ana jera tutoci, manyan motoci suna sauke akwatunan katako, to mun san masu injuna sun iso. Wasu daga Sin, wasu daga Turkiyya, wasu daga Indiya ko Faransa, wasu kuma 'yan ƙasa ne da ke wakiltar kamfanonin waje. Haka ake yi a Kaduna, inda aka shafe shekaru sama da arba'in ana baje koli, haka ake yi a Kano. A nan Injamena ma, a watan Maris na 2019, ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ta shirya babban baje kolin harkar noma da kiwo na Afirka.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan wuri ya san abin da ido ke gani. Ga injin tatsar nono, ga tukunyar ƙarfe mai sanyaya madara, ga injin niƙa abincin dabbobi, ga na'urar ɗaure ciyawa dami-dami, ga famfo mai aiki da hasken rana, ga hoton mayanka ta zamani inda sa ke shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan a cikin kwali. Kome na sheƙi, kome na ƙamshin sabon fenti. Matasa cikin kwat suna miƙa takardu masu launi, suna bayani da Faransanci ko Ingilishi. Can gefe ɗaya kuma, sau da yawa, sai ka ga an ɗaure wani ƙaton bijimin Kuri ko jan sa mai dogon ƙaho, da makiyayi riƙe da sanda a kusa da shi, manya suna zuwa ana ɗaukar su hoto. In an gama hoto a shiga ciki a sa hannu a takardu, makiyayi yana waje yana kora wa sansa ƙuda.

To, jama'a, wannan tsayuwar waje ita ce abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Kusan duk injin da ake tallarsa da sunan bunƙasa kiwo, abincinsa daga garkenmu zai fito. Injin madara nonon shanunmu yake jira, mayanka wuyan bijimanmu take jira, majema fatunmu take jira. Ƙidayar dabbobi da gwamnatin Cadi ta yi daga 2012 zuwa 2015 ta nuna akwai dabbobi kusan miliyan 94 a ƙasar nan, cikinsu shanu kusan miliyan 25, raƙuma fiye da miliyan 6. Bayan man fetur, dabba na cikin manyan abubuwan da ke kawo wa ƙasa kuɗi daga waje. Ba inji ne ya haifi ko ɗan maraƙi guda a cikin wannan dukiya ba. Saboda haka muna da bakin magana, kuma ya kamata mu san abin da za mu faɗa.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Kada wani ya ce muna ƙin ci gaba ne. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Mu dubi tarihin manyan injunan da aka kawo ƙasar nan da sunanmu.

Tun ƙarshen shekarun 1950 aka gina mayanka mai ɗakin sanyi a Farsha. Dattawanmu suna tuna lokacin da ake ɗora naman shanun Cadi a jirgin sama a kai Birazabil da Gabon. Wannan kasuwa ta waje ta yi ta raguwa, saboda tsadar jirgi, da yaƙe-yaƙen cikin gida, da kuma naman ƙanƙara mai araha da ake shigowa da shi garuruwan bakin teku daga Turai da wasu wurare. A Sarh, cikin shekarun 1960, an kafa masana'antar SIVIT don sarrafa nama, ita ma ba ta yi ƙarko ba. Daga baya gwamnati ta kafa kamfanin SOTERA ta damƙa masa harkar fitar da dabbobi, fatake suka yi ta bi ta bayan gida da shanunsu, har shi ma ya shuɗe.

Na kwanan nan kuwa duk muna shaida. A 2014 aka aza harsashin wata babbar mayanka a Jarmaya, arewa da Injamena, kusa da matatar man da aka buɗe a 2011. Aka yi biki, aka yi alkawari, shekaru suka yi ta wucewa ana jiran ranar da za a kai sa na farko. A Mundu an buɗe mayankar Logon a watan Fabrairu na 2020, wadda aka ce za ta iya yanka shanu 200 da tumaki da awaki 400 kowace rana. Ita ma sai ta zauna shiru. Sai a 2023, bayan gwamnati ta haɗa hannu da kamfanin Arise an kafa Laham Tchad, aka soma aiki a cikinta.

'Yan'uwanmu na Nijeriya su ma suna da irin wannan labari. A tambayi mutanen Bauci labarin masana'antar namansu, a tambayi mutanen Mokwa labarin gandun kiwon da aka yi musu. Gine-gine suna nan, injuna kuwa da yawa tsatsa ta ci.

ME YA SA HAKA?

Ruwa ba ya tsami banza. Masu sayar da inji ba ƙarya suke yi ba in sun ce injinsu yana aiki. Yana aiki, amma a ƙasar da aka ƙera shi dominta. Abin da ba sa faɗa, domin ba shi suka zo sayarwa ba, shi ne abubuwan da inji ke bukata kafin ya motsa.

Na farko, dabba. Mu yi lissafin da kowane bafatake zai iya yi a ƙasa da sandarsa. Mayankar da ke yanka shanu 200 a rana, in ta yi aiki kwana 300 a shekara, shanu 60,000 take nema. Kuma tana son su da ƙiba ɗaya, rani da damina. Alhali kuwa duk mun san san da aka sayar da kaka, bayan ya ƙoshi da ciyawa da harawa, ba shi ne san bazara ba, wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Mun kuma san garke ba ya zama wuri guda: damina tana kai shi arewa, rani yana saukar da shi kudu ko bakin tafki. Wanda ya gina mayanka bai zauna da masu garke ya ji ina shanu suke a kowane wata ba, ya gina wa kansa ɗakin ajiye ƙarfe.

Na biyu, farashi. Me ya sa bafatake yake haƙurin doguwar hanya daga Masakori ko Masaget ko Durbali, ya ƙetare Kamaru, ya kai Maiduguri ko Mubi, daga can a ɗora wa tirela har Legas? Domin a can ba abin da ake yarwa a jikin sa. Tsoka wajen rabin nauyin sa ce kawai. Sauran rabin, wato kai da ƙafa da kayan ciki da wutsiya da fata, duk kuɗi ne a kasuwannin kudancin Nijeriya, inda ake babbake fatar a ci ta ganda. Mai mayankar zamani da zai sa tsoka a kwali ya tura waje, dole ya biya mu abin da ya kai na Legas, in ba haka ba sa ya wuce ta ƙofarsa. Kiran kishin ƙasa ba ya sayen gero.

Na uku, wuta da hanya. Nama da madara ba su san uzuri ba. Tun daga ƙugiyar mayanka har tukunyar mai saye dole su zauna cikin sanyi. A ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke da wutar lantarki, inda mu nan cikin babban birni muka san yadda ake kwana cikin duhu a watan Afrilu, sanyin nan da man janareta ake sayensa. Daga Injamena zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala kuwa tafiyar kilomita wajen 1,800 ce, jirgin ƙasa kuma iyakarsa Ngaundere.

Na huɗu, lafiyar dabba. Ƙasashen da ke sayen nama da tsada ba sa karɓa daga inda ciwon ɓauru da ciwon huhu ke yawo, sai da shaidar likita wadda suka yarda da ita. Ko an shafe bangon mayanka da zinariya, in ba a yi wa garke rigakafi a daji ba, ƙofar waɗannan kasuwanni a rufe take.

Duk waɗannan huɗun, in kun lura, a ruga da burtali da kasuwar kara suke farawa, ba a cikin akwatin katako ba.

ƘANANAN ABUBUWAN DA SUKA AMFANE MU

Yanzu mu juya mu dubi abubuwan zamani da suka shiga rayuwarmu suka zauna. Wanne ne ya fi allurar rigakafi? Tsofaffi ba su manta da bushiya ba, cutar da takan share garke cikin mako biyu ta bar mai shi da sanda. A 1962 aka soma gagarumin gangamin yi mata rigakafi a nan yankin Tafkin Cadi, tsakanin Cadi da Nijeriya da Nijar da Kamaru, kuma ɗakin binciken dabbobi na Farsha yana cikin masu haɗa allurar. Da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa. Daga baya masana suka samo allurar da ke jure zafi, wadda ba sai an riƙe ta cikin ƙanƙara kullum ba, aka koya wa 'ya'yan makiyaya yin ta da hannunsu. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. 'Yar kwalba ce da ba ta cika tafin hannu ba, amma ta ceci dukiyar da babu wata masana'anta da ta taɓa ceto.

Sai babur. Madarar da mutanen Injamena ke sha a shagunan rayib, da yawanta samari ne ke ɗauko ta da asuba daga rugage, cikin jarkoki a bayan babur. Ba wanda ya yi bikin buɗe wannan sana'a, ba wanda ya yanka ƙyalle. Ta tsaya da ƙafarta saboda babur kowane bakanike a bakin titi ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwar Dembe. Sai wayar hannu, wadda ta sa makiyayi a Kanem yana jin farashin Potiskum kafin ya kwance sa daga turke.

Me ya haɗa allura da babur da waya? Suna bin makiyayi inda ya tafi, ba su fi ƙarfin aljihunsa ba, in sun lalace ana gyarawa a kusa. Wannan shi ne ma'aunin da za mu shiga baje koli da shi.

Ba kuma muna cewa masana'anta ba ta iya zama lafiya da makiyayi ba. A garin Anand na Indiya, a 1946, masu shanu biyu da uku suka gaji da 'yan tsakiya, suka kafa ƙungiyar gama kai. Ita ce ta zama Amul, kuma injunan mallakar masu nonon ne. A Nuwakcot ta Muritaniya, kamfanin Tiviski ya soma sayen nonon raƙumi daga hannun makiyaya a 1989. A Nijar akwai cibiyoyin tara madara a Hamdallai da Kollo, kusa da Yamai, inda makiyaya ke kai nono a gwada shi, a sanyaya, a biya su, su kuma sayi dusa a wurin. A duk waɗannan wurare da mai saniya aka soma shawara, inji daga baya ya zo.

DARASIN DA MUKA SAYA DA KUƊINMU

Ba za mu ɓoye namu kuskuren ba. Shekarun baya wasu daga cikinmu, masu kiwon turke a gefen gari, muka haɗa kuɗi muka sayi injin niƙa abincin dabbobi a wurin wani baje koli. Mai sayarwa ya kunna mana shi, ya zuba masara ta fito gari, muka yi ta murna. Wani dattijon arɗo da ke tare da mu ya dube shi ya ce, "Yaro, in haƙorinsa ya karye, wa zai sa masa wani?" Saurayin ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ba ya karyewa." Mu ma muka taya shi dariya, Allah ya gafarta mana.

Bai yi wata huɗu ba ƙarfen da ke dukan hatsin ya cinye, domin karan dawa da kwalfar gyaɗar da muke zuba masa cike suke da yashi, shi kuwa don tsabar masara mai tsabta aka yi shi. Lambar wayar da ke jikin takarda ba ta shiga. Muka zaga duk masu sayar da kayan ƙarfe, babu irinsa. Daga ƙarshe wani maƙeri ne ya ƙera mana madadinsa da ƙarfen sifirin tsohuwar mota, kuma da shi injin ya ci gaba da aiki. Da mun san haka, da tun farko wurin masu walda muka je suka haɗa mana irin wanda suka saba yi wa masu niƙa. Kallon kitse muka yi wa rogo.

TAMBAYOYIN DA ZA A SHIGA DA SU

Saboda haka duk ƙungiya ko bafataken da zai sayi inji, muna ba shi shawara kada ya ciro ko sisi sai ya sami amsar waɗannan:

1. A ina irin wannan inji yake aiki yanzu a ƙasar nan ko maƙwabta? A ba mu sunan garin, mu tura mutum ya gani da idonsa, ya tambayi mai shi ba a gaban mai sayarwa ba. Zuwa da kai ya fi aike.

2. Ina shagonku yake bayan an naɗe rumfa? Wane ɓangare ne ke saurin lalacewa, nawa ne, kuma kwana nawa yake yi kafin ya iso?

3. Wa zai koya wa yaranmu sarrafa shi da gyaransa, da wane harshe, har kwana nawa?

4. Me yake ci a rana, mai ko wuta ko ruwa? In na hasken rana ne, shekara nawa batirinsa ke yi, kuma nawa ne sabo?

5. Mene ne mafi ƙarancin abin da za a zuba masa kafin ya biya kuɗin kansa? Tukunyar sanyaya madara mai cin lita 500, in saniya tana ba da lita biyu bayan maraƙi ya sha, nonon shanu 250 take nema kowace safiya. Muna da su da damina. Da rani fa?

6. An gwada shi da ƙurar hunturu da zafin bazara irin namu?

7. In bashi ne, me aka jingina? Kada a kuskura a jingina garke ko filin kiwo na jama'a a kan ƙarfe.

Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya soma kame-kame kuwa, a yi masa sallama. Ba a cinikin biri a sama.

FAMFO DA WAYA MAI ƘAYA

Akwai kaya iri biyu a baje koli da muke so 'yan'uwa su sa wa ido sosai, domin maganarsu ta wuce ta riba da hasara, ta shafi haƙƙinmu.

Na ɗaya shi ne rijiyar burtsatse mai famfon hasken rana. Wanda ya taɓa kwana yana jan guga da raƙumi ko bijimi a rijiya mai gaba talatin ba zai raina wannan ni'ima ba. Amma kowane makiyayi ya san da rani mai ruwa shi ne mai ciyawa. Rijiyar gargajiya tana da ƙa'ida: an san zuriyar da ta haƙa ta, an san yadda baƙo ke neman izini, an san kwana nawa zai yi ya wuce, ruwan da take bayarwa kuma shi ke iyakance yawan dabbar da za ta zauna. Famfo kuwa yana da makulli, wanda makullin ke aljihunsa ya mallaki duk dajin da ke kewaye ba tare da ya sayi taku ɗaya ba. In kuma aka bar shi ba mai tsawatawa, dabbobi su taru su cinye wurin har ya zama fako. An ga haka a Nijar da Senegal tun shekarun 1960 da 1970. Shirin Almi Bahayim, wanda aka soma a gabashin Cadi a 1995, ya nuna wata hanyar: a zauna da makiyaya da manoma da sarakuna a yarda da wurin rijiya, a shata burtali a kafa masa alama, sannan a haƙa. Don haka kafin a tambayi ƙarfin famfo, a tambayi wa zai riƙe makulli.

Na biyu ita ce waya mai ƙaya da turakunta. Ba makiyayi ke sayen ta ba. Masu sayen ta manyan gari ne da suka tara shanu suka ba 'yan haya, suke kuma son su kewaye daji su kira shi gandunsu. Duk naɗin waya guda da aka sayar, wata hanya ce za a toshe, ko burtali, wanda 'yan'uwanmu Larabawa ke kira murhal, ko mashaya. In burtali ya toshe shanu su faɗa gona, daga nan sai abin da ba ma fata, kuma mun binne mutane da yawa, manoma da makiyaya, a kan wannan. Dokar da ta tsara yawon kiwo a Cadi tun 1959 aka yi ta, kafin samun 'yancin kai. A 2014 majalisa ta amince da sabuwar dokar kiwo, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka janye ta kafin shekarar ta ƙare. Ƙasar da ba ta gama shata wa saniya hanya ba, ya kamata ta yi hattara da mai tallar shinge.

KIRANMU

Ga hukuma: a watan Mayu na 2013, a nan Injamena, ministocin ƙasashen Sahel da Sahara suka fitar da sanarwa cewa kiwon yawo ginshiƙi ne na arziki da zaman lafiyar yankin. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo. Muna roƙo a cika wannan magana da aiki. Duk wata masana'antar nama ko madara ko fata da za a ƙulla yarjejeniyarta, a sa wakilan makiyaya da fatake da mahauta a teburin tun ranar farko, a kuma ba ƙungiyoyinsu damar sayen hannun jari. A sauƙaƙa kuɗin kwastan a kan kayan gyara da na'urorin sanyi masu aiki da rana. Ƙulin anguryar da ke fitowa daga masana'antar man auduga ta Mundu a tabbatar yana isa ga masu dabbobi kafin bazara, da farashin da za su iya. A kuma dubi garin madarar nan da ake cire wa mansa a Turai a zuba masa man ja a kawo mana da araha, domin babu injin madarar gida da zai yi numfashi muddin shi ke cike da kasuwa.

Ga masu shirya baje koli: a sa tafinta mai jin Larabcin Cadi da Fulatanci da Hausa a rumfuna. A ba maƙeranmu da masu walda rumfa kyauta ko da rahusa, su ma masu ƙera inji ne. A ware rana guda a fitar da injunan zuwa kasuwar dabbobi, a gwada su a gaban masu abin, da irin karan da muke da shi da irin ruwan da muke sha.

Ga 'yan'uwa fatake: mun ga abin da rufewar hanyar Gambaru ta yi mana daga 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya tilasta zagaye mai nisa, mun kuma ga yadda faɗuwar Naira a 2016 da 2023 ta cinye ribar mutane da yawa. Dogaro da kasuwa ɗaya hatsari ne, saboda haka mu ma muna da bukatar a sarrafa wani abu a gida. Mai jari a cikinmu ya duba kiwon turke, da kilishi da busasshen naman sharmut da aka shanya cikin tsabta aka ɗaure da kyau, da gyaran fata tun daga wuƙar fiɗa. Waɗannan sana'o'i ne da muka gada, ƙaramin inji ya ishe su, kasuwarsu kuma tana nan.

Ga 'yan'uwa makiyaya: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum guda ba zai iya tukunyar sanyi ba, ruga ashirin za su iya. A haɗa kai, a rubuta abin da kowa ya zuba, a zaɓi ma'aji mai tsoron Allah. Kada kuma a manta nono dukiyar mata ce tun kaka da kakanni. Da shi suke sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'ya'ya. Duk tsarin da zai ɗauke ƙwaryar nono daga hannun uwar gida ya mayar da kuɗin aljihun wani, ko da aljihun maigida ne, gyara ne da ɓarna a cikinsa. A sa su cikin shawara, a rubuta sunayensu cikin masu inji. A kuma tura yara su koyi kanikanci da aikin lantarki, domin gobe mai gyaran famfo zai zama da daraja kamar mai haƙar rijiya a jiya.

In an sake kafa rumfuna, mu je. Mu sa rigunanmu masu kyau, mu shiga ta babbar ƙofa mu biyar ko mu goma da sunan ƙungiya, da takardar tambayoyinmu a hannu, da wanda zai rubuta amsa. Mai inji ya taso daga nesa ne domin ya ji labarin dukiyar da ke hannunmu. In an nemi aron bijimi don hoto, a bayar, ba rowa. Amma a bar yaro ya riƙe igiya, mai san ya shiga ciki inda ake magana.

Allah ya albarkaci dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.